Hattara da Aringizon Maki a Kan Tsofaffin Sulalla

Jama'ar Ƙofar Mazugal, da maƙwabtanmu na Dala, Koki, Jakara da Fagge, iyaye da 'yan'uwa, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku. Duk wanda aka nuna wa tsohuwar kwandala a rufe cikin gidan roba mai ɗaukar ido, da 'yar takarda a samanta ɗauke da lamba, aka ce masa kamfanin Turawa ya riga ya tantance ta, don haka ya zuba jarinsa ba fargaba, to ya dakata. Haka ita ma Hajiyar da ke da liyari ko sulallan kakanni a ƙasan adaka, aka ce ta kawo kuɗin tantancewa za a sayar mata da su miliyoyi a ƙasar waje, ta dakata. Tallan irin wannan ciniki yana yawo a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp, kuma a wannan lokaci da Naira ke narkewa a aljihu, kowa na neman inda zai adana guminsa, zancen yana saurin shiga kunne.

Lambar da ke kan robar nan ba awo ba ce. Ba a sikeli aka same ta ba. Ra'ayi ne na wasu mutane da suka jujjuya kwandalar a ƙarƙashin fitila na ɗan lokaci, kuma mai son sayar maka da ita, ko wanda ya sayar masa, shi ne ya biya su ladan dubawa.

A 1949 wani Ba'amurke mai suna William Sheldon ya fito da ma'auni daga 1 zuwa 70 domin tsofaffin kwabban ƙasarsu. Maki 1 na kwandalar da ta suɗe ne har da ƙyar ake gane ta, 70 kuwa na wadda babu ko ƙwarzane a jikinta. Daga 60 zuwa 70 an keɓe wa waɗanda ba su taɓa yawo a hannun jama'a ba, su ne za ka ga an rubuta musu MS kafin lambar. A 1972 ƙungiyar masu tara sulalla ta Amurka ta kafa ANACS don rarrabe na gaske da jabu. A 1986 aka buɗe PCGS a Kalifoniya, wanda ya yaɗa al'adar rufe kwandala a roba tare da makinta, NGC ya biyo baya a 1987. Ba zan ci haƙƙinsu ba: wajen gano jabu, waɗannan manyan sun yi aiki mai amfani, kuma masu sana'ar sun amince da su a kan haka. Inda gizo ke saƙa shi ne makin.

Dalili kuwa, a wannan kasuwa maki ɗaya kan ninka farashi. Ɗauki dalar azurfa ta Amurka da aka buga a San Francisco a 1884. Wadda ta ɗan taɓa shiga hannu kaɗan, ana samunta a ɗaruruwan daloli. Da zarar an ce ta kai MS-60, zancen ya koma dubbai. Idan aka ba ta 65, ya wuce dala dubu ɗari. Azurfar cikinsu duk ɗaya ce, shekararsu ɗaya, injin da ya buga su ɗaya. Bambancin yana cikin ɗan gogewar da ke kan gashin hoton ko ƙirjin gaggafar, abin da ƙwararru biyu za su duba su yi saɓani, kai ƙwararre ɗaya ma zai iya duba shi yau ya ce kaza, bayan wata ya ce kaza. A kan wannan siririn zare ake rataya dukiyar mutane.

Mu nan Ƙofar Mazugal ga mu ga abbatuwa, mun san yadda ake cinikin sa. Babu mahaucin da zai biya kuɗin bijimi don an miƙo masa takardar da ke cewa yana da ƙiba, balle a ce mai san ne ya ɗauki hayar wanda ya rubuta takardar. Sai ya zagaya shi, ya latsa tozo, ya shafa haƙarƙari, sannan ya taya. Mai sayen kwandalar roba an hana shi duk wannan. Ba zai taɓa ta ba, ba zai auna ta tsirara ba, ba zai ga gefenta sosai ba, kuma ranar da ya fasa robar, alkawarin diyyar da kamfanin ke yi ya tashi.

Ku duba yadda aringizon ke taruwa, domin ko da ma'aikatan kamfanin masu gaskiya ne, tsarin da kansa yana tura maki sama. Dillali ya aika kwandala, ta dawo da 64. Yana ganin da ɗan sa'a za ta iya samun 65. Sai ya fasa robar, ya sake aikawa kamar sabuwa, ko ga wannan kamfanin ko ga abokin gasarsa. Ta dawo da 64, ya sake fasawa. Kuɗin dubawa ƙalilan ne a kan ribar da zai samu idan aka dace, saboda haka ba ya gajiya. Ranar da ta faɗa hannun mai sassauci ta samu 65, shi ke nan, ba za a ƙara fasa robar nan ba har abada. Wato kwandalar da aka rage wa maki ba ta daɗewa a gidanta, wadda aka yi wa aringizo kuwa ta samu wurin zama. Shekara bayan shekara, abin da ke saura a kasuwa, yana zagayawa daga hannu zuwa hannu, ya fi karkata ga waɗanda lambarsu ta fi ƙarfin jikinsu. Masu ido a Amurka da Turai sukan tsince masu kyau su ajiye. Ragowar sai a neme musu mai saye a nesa, wanda zai kalli lamba kawai. Mu ne na nesan.

Ga kuma gasar kamfanonin. Cinikinsu yana zuwa ne daga masu aiko da kaya, kuma mai aikowa zai fi son inda ake ba shi maki mai tsoka. Kamfanin da ya tsananta, dillalai su juya masa baya. Hatta ƙididdigar da suke wallafawa, ta cewa guda nawa ne suka samu maki kaza, ba ta tsira ba, domin kwandala ɗaya da aka aika sau biyar tana iya shiga lissafi sau biyar.

Wannan ba zargin bayan fage ba ne, tarihin kasuwar ya nuna shi a fili. A ƙarshen shekarun 1980, da aka yi ta yayata cewa yanzu maki ya zama tabbas, har manyan gidajen hada-hadar kuɗi na Amurka irin su Merrill Lynch da Kidder Peabody suka kafa asusun zuba jari a tsofaffin sulalla. Farashi ya yi tashin gwauron zabi, ya kai ƙololuwa a 1989, sannan ya rikito, sulalla da yawa masu manyan lambobi suka zubar da fiye da rabin kuɗinsu. A 1990 hukumar kula da cinikayya ta gwamnatin tarayyar Amurka, FTC, ta maka PCGS a kotu a kan zuzuta ingancin makinsa a talla. An sasanta ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, amma ya amince ya riƙa sanya gargaɗi a tallansa. A 2003 jaridar masu sana'ar, Coin World, ta ɗauki sulalla iri ɗaya ta zagaya da su kamfanoni daban-daban a ɓoye, kuma ba a samu ko guda ɗaya da duk bakinsu ya zo ɗaya a kanta ba. Abin ya kai a 2007 John Albanese, wanda yana cikin waɗanda suka kafa PCGS da NGC, ya buɗe wani sabo mai suna CAC, aikinsa a lokacin shi ne duba sulallan da aka riga aka rufe, ya liƙa koriyar alama a kan wadda ya ga makinta ya dace. Idan mutanen da suka gina sana'ar sun ga sai an sa mai duba masu dubawa, mu da ke Kano ba mu da hujjar ɗaukar lambar kamar yankan wuƙa.

Duk wannan a kan manyan kamfanoni ne masu suna da adireshi. Ƙasa da su akwai waɗanda dillalin shi ne kamfanin: ya sayi robobi fanko a intanet, ya buga takarda a ɗakinsa, ya ba kayansa makin da ya ga dama, kusan kullum 66 zuwa sama. Ɓarnarsu ce ta sa a 2007 kasuwar eBay ta taƙaita sunayen kamfanonin da za a iya ambata a ce kwandala tantacciya ce. A 2008 kuma NGC da PCGS duk suka fito suka sanar cewa ana buga jabun robobinsu da takardunsu, galibi daga ƙasar Sin. Yanzu mutum zai iya riƙe jabun kwandala, a cikin jabun roba, ɗauke da lambar rajista ta gaske da aka kwafo daga wata. Shiga shafin kamfanin ka ga lambar ta fito bai wadatar ba, sai ka gwada hoton da suka ajiye da abin da ke hannunka, tabo da tabo. Alkawarin diyya da manyan ke yi idan an tabbatar da aringizo kuwa, sai ka aika musu kayan can inda suke, su sake dubawa, su yanke wa kansu hukunci. Ba su da ofishin tantancewa a Kano. Ka lissafa kuɗin aikawa, da inshora, da canji, ka ga ko talaka zai iya bin wannan haƙƙi.

To bari mu dawo gida, ga abin da ke cikin adakokinmu, domin a nan aka fi samun saukin yaudararmu.

Liyari, babbar kwandalar azurfar nan mai hoton sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, ta daɗe a Kano. Fatake ne suka riƙa ƙetaro Sahara da ita, kuma lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka birnin a 1851, ya tarar ana canjin liyari ɗaya a kan wuri 2,500. Iyayenmu mata sun yi ado da ita, maƙeran fari sun narka ta sun yi mundaye da zobba. Za ka ga an rubuta 1780 a jikinta, kuma da wannan shekara ake cin mutane: a ce maka ta haura shekara ɗari biyu da arba'in, saboda haka ba ta da tamka. Gaskiyar magana, 1780 ita ce shekarar da sarauniyar ta rasu, kuma tun daga nan duk wadda aka buga, wannan shekarar ake sa mata, domin 'yan kasuwar Larabawa da Habasha da ƙasashenmu ba sa karɓar wadda aka sauya wa kama. An buga ta a Viyana, an buga a Roma, Faris, Landan, Birmingham, Brussels da Bombay, ɗaruruwan miliyoyi, kuma har gobe gidan buga kuɗi na Ostiriya yana fitar da sababbi da 1780 a jiki. Sabuwa fil da aka buga shekarun baya kaɗan za ta samu babban maki cikin sauƙi, tunda ba ta taɓa shiga kasuwa ba. A rufe ta a roba, a nuna maka 1780 da MS-66, sai ka ɗauka abin al'ajabi ne ya faɗo hannunka. Akwai tsofaffin bugu na asali da suka fi sauran daraja, amma ana gane su ne ta ƙananan alamu, irin siffar ɗan gicciyen da ke bayan shekarar da yawan duwatsun da ke kan ƙugiyar kafaɗar rigar, kuma su ne 'yan tsiraru. Liyari na gama-gari nauyinsa giram 28 ne, kashi 83 cikin ɗari azurfa, wato azurfa zalla giram 23 da 'yan kai. Wannan shi ne ƙashin bayan kuɗinsa. A nan za ka fara lissafi, da farashin azurfa na ranar.

Haka labarin kwabo mai huji da ɗari da anini. Turawan mulki sun fara fito da masu huji a 1907, da tauraro mai kusurwa shida da rubutun Larabci, sannan bayan kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912, sule da fataka na azurfa suka fito a 1913. Akwai na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila kafin shekarar ta ƙare. Sunan nan da aka ji, sai a ce ai kuɗin sarkin da bai yi shekara ba ne, ba a samunsa. A Ingila haka ne, nasa ba su fita ga jama'a ba. Amma na Afirka ta Yamma an buga su miliyoyi, suna cikin masu arha a wurin masu tarawa. Sulallan 1959 na Tarayyar Najeriya, da kwabban 1973 na farkon Naira, har da kwabo 25 mai dalar gyaɗa da muke alfahari da shi, duk an buga su ne don kowa ya kashe. Abin tunawa ne mai daɗi, a ajiye wa jikoki. Wanda ya ce maka za su sai maka gida, yana da abin da yake nema a wurinka. Abin da ya kamata a lura da shi a cikinsu shi ne sule da fataka na 1913 zuwa 1919, domin su azurfa ce mai kyau, kada a karɓe su a hannunku a farashin ƙarfe.

Abin da mai yaudara ke nema galibi shi ne kuɗin gaba. Zai ga hoton kwandalarki a waya, ya ce Hajiya kin yi arziki, akwai Bature mai jira, saura kawai kuɗin rajista, sai na tantancewa, sai na kwastan, kowanne ya biyo bayan ɗan'uwansa har ki gaji ko ya rufe layi. Kamfanin gaske ba ya ba da maki ta hoton WhatsApp, kuma mai saye na gaske ba ya neman mai kaya ya biya shi kafin ciniki. Wani kuma zai ƙara da cewa akwai wani sinadari a cikin tsohon ƙarfen. Alhazanmu za su tuna yadda a 2009 jita-jitar jar zaiba ta sa mutane a Saudiyya suka yi ta sayen tsofaffin kekunan ɗinki na Singer da tsadar hauka, alhali babu komai a ciki. Tatsuniyar ɗaya ce, kaya kawai ake sauya mata.

Ina roƙon iyayenmu mata musamman: kada ku goge tsohuwar kwandala. Lemon tsami, toka, man goge ƙarfe, duk suna cinye fatar da masu tarawa ke biya dominta. Wadda aka goge, ko aka huda, ko aka liƙa wa kunne don sarƙa, manyan kamfanonin ba sa ba ta lamba sam, sai dai su rubuta aibinta a takardar. Mafi yawan liyarin da ke gidajenmu an yi ado da su shekara da shekaru. Saboda haka wanda ya yi miki alkawarin naki zai dawo da 65, ko bai san aikin ba, ko ya san shi sarai.

Akwai wurin da nake jin tsoron wannan lamba fiye da kasuwa, shi ne wurin rabon gado. A ce mamaci ya bar sulalla a roba, a buɗe waya a ga wani ya sa wa irinsu farashin miliyoyi, a ƙimanta su a haka, a miƙa wa marainiya a matsayin kasonta, ɗan'uwanta ya ɗauki fili a Kurna ko Rijiyar Lemo. Ranar da ta je sayarwa za ta tarar kuɗin azurfa kaɗai ake tayawa. Farashin da mai talla ya rubuta a intanet buri ne, ba ciniki ba. Malamai da dattawan da ake kira rabo, don Allah a sayar da irin wannan kaya tukuna a raba abin da ya shigo hannu, ko a ƙimanta shi da nauyin ƙarfensa. Kuma a tambayi malaman fiƙihu hukuncin tura kuɗi yau a jira azurfa ta iso bayan wata, domin musayar azurfa da zinare tana da sharaɗin hannu da hannu. Samarinmu masu dillancin waya, ku ma ku ji: wanda ya san makin da ke kan kayansa na bogi ne ko an yi masa aringizo, ya yi shiru ya sayar, algus ya yi, ko da ba shi ya buga takardar ba.

Wanda duk da haka yake son saye, ya yi wa mai kayan tambaya ɗaya a gaban shaidu: Malam, idan na dawo maka da ita gobe, nawa za ka biya? Tazarar da ke tsakanin amsarsa da abin da ya sa maka, ita ce asarar da za ka kwana da ita tun daren farko. Kasuwar da ke biyan kuɗin lamba tana Amurka da Turai da ƙasar Sin. A kasuwar canji ta Wapa ba a canjin MS-65, a kasuwar Kurmi kuma sikeli za a ɗauko. Idan kwandalar ba a rufe take ba, kai ta wurin maƙerin fari da ka yarda da shi ya auna ya gwada, sannan ka ji ta bakin masu tsofaffin kaya biyu ko uku da ba su san juna a cinikin ba, domin wanda ke zuzuta nasa shi ne kuma zai kushe naka. Mayen ƙarfe ba ya kama azurfa, wadda ya kama jabu ce, amma wadda bai kama ba ma ba lallai ta zama ta gaske ba, tunda tagulla da darma duk ba ya kama su.

Kafin a aika wani tsohon abu ƙasar waje da sunan tantancewa, a leƙa gidan tarihi na Gidan Makama a yi tambaya, domin dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, kuma ba a so a rasa kaya a kuma shiga hannun hukuma. Wanda kuwa aka riga aka karɓe wa kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru, kada kuma ya ƙara ko sisi da sunan kuɗin ƙarshe da zai fito da sauran. Ya adana saƙonnin, da lambar asusun da ya tura wa, da hoton robar gaba da baya, ya sanar da bankinsa a ranar, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kano, sannan ya faɗa wa mai unguwa da limami a yi shela bayan salla, tun kafin mutumin ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci.